Ƙari a Bayan Falmaran

Ni na fara ganinsu, domin duk tufar da za ta hau jikin ma'aikaci a otal ɗin nan sai ta bi ta ƙarƙashin dutsen gugata. Kwalaye aka sauke mana a ɗakin wanki, aka ce sababbin falmaran ne na 'yan sabis, masu kai wa baƙi abinci a babban zaure. Na yage leda na zaro ɗaya. Ruwan toka ce mai duhu, yadin da santsi, ba laifi. Na juya bayanta ina neman 'yar ɗamarar nan da ake sassautawa ko a tsuke, babu ita. Na tono wadda ta fi kowacce girma, na ware ta tsakanin hannuwana, sai na ga ita ma ta yi kaɗan. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma na san faɗin mijina fiye da yadda na san nawa.

An sayar da otal ɗin ne. Sababbin masu shi suka rufe zauren cin abinci don gyara, suka kawo mana sabon manaja, matashi mai ladabi, irin ladabin nan da ke sa mutum ya rasa ta inda zai kama faɗa. Ya tara mu ya ce ranar da za a buɗe zaure, duk wanda sabuwar falmaran ta zauna masa zai shiga ya yi wa baƙi hidima. Wanda ba ta zauna masa ba za a duba masa wani wuri a ciki. Kowa ya san abin da a ciki ke nufi: sito, wanke-wanke, ɗaukar kwandon shara. Yana maganar yana murmushi, bai kalli kowa ba, amma kowa ya kalli mijina, Baban yara.

Tsaf-tsaf ake ce masa a otal, tun kafin ya aure ni. Ya fara sabis yana siririn saurayi, ya yi furfura yana sabis, ni kuwa ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki riga marar hannu da muhimmanci kamarsa ba. In ka kuskura ka taɓo masa zancen falmaran, to ka nemi wurin zama. Dole ta rufe bel, in ji shi, kada a ga farar shat ta leƙo tsakaninta da wando. Dole ta kwanta a kafaɗa ba ta ɗaga ba. Maɓallai su haɗu ba tare da yadin ya yi murmushi a tsakaninsu ba, na ƙasan kuma a bar shi a buɗe domin a ji daɗin sunkuyawa. In ya ga mutum a titi ya ɗora falmaran a kan riga mai manyan zane, sai ya kau da kai kamar ya ga haɗarin mota.

"Babbar riga tana rufa asiri," haka yake cewa, "amma falmaran tonon silili take yi. Ita ba ta san kunya ba."

To, ga shi za ta tona nasa. Shekaru sun ajiye masa tumbi, ba ƙato ba, daidai na dattijon da ya yi rayuwarsa kusa da kicin. Tsohuwar falmaran ɗinsa baƙa ce, tela ya auna shi ya ɗinka masa, tana da ɗamara a baya, shi ya sa suka tsufa tare ba wanda ya ci mutuncin wani.

Na karɓo masa tasa sabuwar, na kai masa ita gida ya gwada. Ya sa farar shat, ya tsaya gaban madubin kwaba, ya zura hannuwa. Maɓallin sama ya shiga. Na biyu ya shiga da addu'a. Na uku kuwa ya tsaya yana hangen raminsa daga nesa, tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu. Ya ja numfashi ya haɗiye cikinsa har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Saki numfashin kada ka faɗi a kaina," na ce.

"Wannan ba ita ce babbar ba."

"Ita ce. Da hannuna na tona kwalin."

Ya cire ta a hankali, ya rataya ta a kan hanga, ya gyara mata kafaɗa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, abar da ta gama wulaƙanta shi ita yake lallaɓawa.

Daga ranar ya ɗaura yaƙi da abinci. Ya bar cin na dare, ya koma shan ruwan zafi da lemun tsami, ya daina hawa mota zuwa aiki, sai ya taka. Mutumin da ya wuni yana ɗaukar farantai cike da nama, ya dawo gida ya zauna yana kallon yara suna ci. Fuskarsa ta faɗa, wuyansa ya yi tsawo, kwalar shat ta fara masa yawa. Tumbin kuwa yana nan daram, ko gezau.

"Ka rame a ko'ina ban da inda ake nema," na ce masa. "Ba a fafe gora ranar tafiya, Baban yara. Abin da ka tara a shekaru ba zai tafi don ka yi fushi da kwano ba. Ka karɓi siton mana. Aiki ne, ba sata ba."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni ban iya sito ba, Maman yara. Ni abin da na iya, mutum ya shigo da yunwa da ɓacin rai, ya fita yana jin an girmama shi. In aka cire ni daga zauren nan, me ya rage?"

Na kwashe kwanon da bai taɓa ba. Na tausaya masa, na kuma ji haushin kaina da na tausaya.

Muka ɗauki falmaran muka kai wa yayana, wanda tela ne, shagonsa ɗan tsukuku a ƙarƙashin matakalar wani bene. Har yau Ango yake ce wa mijina, don tsokana. Ya juya rigar ciki waje, ya bi ɗinkin da farce, ya yi tsaki.

"Ango, waɗannan mutanen ba su da tsoron Allah. Dubi nan. Ko faɗin farce ba su bar rara a ɗinkin ba. Tela mai imani yakan bar wa mutum wurin da zai yi ƙiba. Wannan inji ne ya yanka ta, injin kuma bai taɓa cin abinci ba."

"To yaya za a yi, Yaya?" na tambaya.

"Sai ƙari. A samo yadi irinsa, in tsaga in saka. Ku da kuke da kwali guda a can, Auta, ki zaro mana ƙarama ɗaya mu yanka mana."

Na riga na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma Baban yara ya ɗaure fuska.

"Ko cokalin shayi ban taɓa fita da shi daga otal ɗin nan ba. Ba zan fara da tsufana ba."

"To sai ku shiga kasuwa," in ji Yaya. "Allah ya ba da sa'a. Ruwan toka ya fi dangin uwa yawa."

Gaskiya ya faɗa. Muka bi kantunan yadi ɗaya bayan ɗaya, ina gaba da falmaran a leda, yana biye. Wannan ya yi haske, wancan ya yi shuɗi-shuɗi, wani launin ya yi amma saƙar ta fi kauri. Baban yara ba ya yarda da fitilar kanti. Kowane bandir sai an ciro masa, an kawo bakin ƙofa, ya ɗora rigar a kai a cikin rana, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya. Masu kanti suka fara gajiya da mu. A wani ɗan shago na can ƙurya muka dace. A rana, wallahi, ba ka iya cewa ga inda rigar ta ƙare ga inda yadin ya fara. Har da mai shagon a murna. Ranar ce kaɗai na ga haƙoran mijina tun da kwalayen nan suka iso.

Da muka koma, gardama ta tashi a kan inda za a sa ƙarin. Yaya ya ce a raba shi biyu, a saka a gefe da gefe, ƙarƙashin hammata, inda hannu zai rufe.

"Haka ake yi, Ango. Kowane tela haka zai gaya maka."

"Haka ake yi wa mai zuwa ofis," in ji Baban yara. "Ni hannuna a sama yake wuni, ɗauke da tire. Gefena shi ne abin da baƙo yake fara gani in na sunkuya zuba masa ruwa. Ka sa shi a baya, a tsakiya, tsaye."

"A baya? Ai duk wanda ka juya wa zai gani."

Baban yara ya yi murmushin wanda aka zo gidansa.

"Yaya, ka taɓa ganin na juya wa baƙo baya? Ɗan sabis na gaskiya da baya yake barin tebur, fuskarsa na kallon mai ci, har sai ya kai bango sannan ya bi gefe ya fice. Haka aka koya mana. Akwai waɗanda suka yi shekaru ina ba su abinci ba su san kamannin ƙeyata ba."

Wannan ma gaskiya ne, na sha gani. Yaya ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki alli. Ya yi aiki mai kyau, ba zan rage masa ba. Ya tsaga bayan daga wuya zuwa ƙugu, ya dasa ƙyallen, ya bi shi da ɗinki siriri, na kwantar da shi da guga har sai ka shafa kafin ka san da shi. Baban yara ya saka. Maɓallai suka shiga ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Ta rufe bel, ta kwanta a kafaɗa. Ya juya hagu, ya juya dama, ya ja gefenta ƙasa da yatsu biyu.

"Kai, Ango ya dawo!" in ji Yaya. Na yi dariya, amma zuciyata ba ta saki ba.

Ana gobe buɗewa aka shigar da 'yan sabis zaure su jera tebura. Ya dawo yana ba ni labari: an canza kujeru, an cire labulen nan masu nauyi, an kuma kafa wasu manyan alluna a bango ko'ina, an lulluɓe su da takarda. Hotuna ne ƙila, in ji shi. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar buɗewa, kafin abincin rana, manaja ya jera su a lungun da ke tsakanin kicin da zaure, bayansu jingine da bango. Ni ma na bar guga na zo na laɓe a bayan mai dafa abinci. Manaja ya bi su ɗaya ɗaya, yana gyara wa wannan kwala, yana cire wa wancan zare. Da ya iso kan Baban yara sai ya tsaya. Ya dubi maɓallan, ya dubi fuskarsa, ya sake duban maɓallan. Na ga mamaki a idonsa, kuma ba mamakin farin ciki ba ne.

"Baba, ta zauna maka."

"Ta zauna, ranka ya daɗe."

Ya wuce. Na ce alhamdu lillahi a fili, har mai dafa abinci ya waiwayo.

Ƙofar zaure tana da ɗan gilashi zagayayye. Nan na manna fuskata lokacin da Baban yara ya ɗauki tiren farko ya tura ƙofar da kafaɗa. Abin da na fara gani haske ne. Da can fitilun zauren rawaya ne, masu laushi, irin waɗanda ke yi wa tsoho da tsohon kaya sutura. Yanzu farare ne fat, kamar na ɗakin tiyata. Sannan na ga allunan. An yaye takardun. Madubai ne, daga ƙasa har sama, bango huɗu.

Ya ratsa zauren da tafiyar nan tasa, tire a sama, kai a miƙe. Ya isa tebur, ya sauke faranti ta inda ya dace ba ko ƙara, ya zuba ruwa, ya ɗan rusuna, ya fara ja da baya fuskarsa na kallon baƙi. A madubin da ke bayansa kuwa, ga ƙarin nan ya fito ɓaro-ɓaro. A ƙarƙashin farar fitila yadin kasuwa ya rikiɗe ya koma kore-kore, dogon layi daga wuya zuwa ƙugu, kamar an shafa masa fenti. Wannan madubin ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba. Duk inda na kai ido, bayan mijina nake gani, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɓoye shi.

Shi bai sani ba. Ya je tebur na biyu, ya je na uku. Matasan 'yan sabis suka fara taɓa juna da gwiwar hannu. Na so in fasa gilashin in shiga in rufe shi da zanena. A tebur na gaba ne, yana ja da baya, ya ɗaga ido ya haɗu da kansa a madubin da ke gabansa, wanda ke nuna masa na bayansa. Tiren ya ɗan karkata, ya tare shi. Bai tsaya ba. Ya gama hidimar abincin ranar nan gaba ɗaya, bai zubar da ɗigon miya ba, yana ta ja da baya kamar yadda aka koya masa, alhali ya san ba abin da hakan yake rufewa.

Abin da ya fi ci mini rai, baƙin ba su gani ba. Na zuba musu ido ina jiran wani ya nuna ko ya yi dariya. Babu. Kowa na kan wayarsa ko farantinsa. Ba su ga ƙarin ba, ba su ga rusunawar ba, ba su ga mutumin ba. Da kujera ce ta kawo musu abincin, da haka za su ci.

Manaja kam ya gani. Da zaure ya watse ya same shi a lungu, ina tsaye da kwandon tawul ban ɓoye ba.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Wallahi ka iya aiki, kowa ya sani."

"In launin ne, ranka ya daɗe, za a sake. Akwai wani yadin. Sai in zo da shi nan in gwada a fitilar…"

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Baba." Ya sassauta murya. "Masu wurin ne suke son sabuwar fuska a zaure. Kamfanin da ya ɗinka yana da manya, har wadda ta fi ka. Ba a yi odarsu ba ne."

Ya faɗe ta a hankali, da ladabi, har yana dafa masa hannu. Da ya yi tsawa da na samu abin kamawa. Na buɗe baki, Baban yara ya dube ni, na rufe. Ashe duk yunwar da ya sha, da takawar, da yawon kasuwar, amsa muke ta nema ga tambayar da ba a yi mana ba. Ya ɓalle maɓallan daga sama zuwa ƙasa, ya cire ta, ya ninke, ya miƙa da hannu biyu.

"Ki ba tela ya mayar da ita yadda take," manaja ya ce mini. "Kayan otal ne."

Ban kai wa Yaya ba. Ba zan iya jure fuskarsa ba. A ɗakin wanki na zauna da reza na warware ɗinkin da kaina, zare bayan zare, injinan wanki suna ta juyawa suna rufe mini sautin kuka. Na haɗe bayan, na goge, na rataya ta cikin 'yan'uwanta. Ta koma siririya kamar ba ta taɓa sanin kowa ba.

Sito aka ba shi, a ƙasan bene, inda ake ajiye buhuna da katan-katan na sabulu. Ba taga, ƙwan fitila ɗaya. Kayan aikin wurin wata doguwar riga ce ruwan ƙasa mai manyan aljihuna, girma ɗaya ga kowa. Ya koma cin abinci, amma ba ya tambayar me aka dafa. Zancen falmaran ya mutu a gidanmu. Rannan muna tafe muka wuce wani saurayi da ya sa tasa a karkace, shat ta leƙo ta ƙasa kamar harshe. Na taɓa Baban yara da gangan, ina jiran ya yi tsaki. Ya kalla, ya ci gaba da tafiya.

Da aka wanke rigar siton a karon farko, ta fito daga inji duk a cukurkuɗe. Na ware ta daban. Na jiƙa sitaci, na ɗora dutse a wuta, na shimfiɗa ta ina lissafin yadda zan fitar mata da kari a hannu, in kuma rage mata kafaɗa da allura in na samu sarari. Ina cikin haka ya leƙo karɓa.

"Ba ni minti kaɗan," na ce. "Dutsen ya kusa zafi."

"Bar shi, Maman yara."

"Me zan bari? Dubi yadda take kamar an ƙwato ta daga bakin saniya."

"Ba wanda zai gani."

Ya miƙa hannu ya janye ta daga kan tebur, ya zura a haka. Ya sa maɓallin farko a ramin na biyu, rigar ta tafi a karkace har ƙasa, kwala ɗaya ta naɗe ta shige wuya. Ya juya mini baya ya nufi matakalar sito, yana dafa bango. Sunansa na otal, Tsaf-tsaf, ya zo mini har bakin leɓe, na kasa kiransa da shi.